Shari'ar Sara Sharif da gwagwarmayar buɗe ƙofar kotunan iyali a Ingila

Ranar 10 ga Agusta 2023 'yan sanda suka shiga wani gida a garin Woking, cikin gundumar Surrey da ke kudu maso yammacin Landan, suka tarar da gawar wata yarinya 'yar shekara 10 mai suna Sara Sharif. Mahaifinta Urfan Sharif ne ya kira su ta waya daga Pakistan, inda ya tsere kwana ɗaya kafin nan, shi da matarsa Beinash Batool da ƙaninsa Faisal Malik da yara biyar na gidan. Likitocin da suka binciki gawar sun ƙirga raunuka sama da 70 a jikinta, ban da karaya a wurare da yawa, wata sabuwa wata tsohuwa, ga tabon ƙuna ga shaidar cizo. A Disamba 2024 kotun manyan laifuka ta Old Bailey ta kama uban da matarsa da laifin kisan kai, ta yanke musu ɗaurin rai da rai. Shi sai ya yi shekara 40 kafin a saurari batun sakinsa, ita kuma 33. Baffan yarinyar, da yake zaune a gidan, an ɗaure shi shekara 16 bisa laifin haddasa mutuwarta ko barin a kashe ta.

Wannan shari'a a bainar jama'a aka yi ta, 'yan jarida suna zaune suna rubuta abin da shaidu suka faɗa. Sai dai akwai tambayar da Old Bailey ba ta da hurumin amsawa, wato yadda aka yi Sara ta koma hannun wannan mutum tun farko. Ba sace ta ya yi ba. Kotun iyali ce a garin Guildford, shi ma cikin gundumar Surrey, ta amince a 2019 ta zauna wurinsa, alhali hukumar gundumar tana da fayil a kan gidan tun kafin a haifi yarinyar. Abin da aka faɗa a wancan zama, da takardun da aka ajiye gaban alƙali, da ma waɗanda ba a ajiye ba, duk suna kulle ƙarƙashin dokar da ta haramta buga su. Fafutukar da aka yi har aka buɗe su ita ce ta fi kowace nuna inda sirri yake kare yaro da inda yake kare manya.

Dokokin da suka rufe ƙofar

Asalin ƙa'ida a Ingila shi ne shari'a a fili ake yin ta. Tun 1913, a ƙarar Scott da Scott, kotun ƙoli ta wancan zamani ta tabbatar da haka, tare da ware 'yan wurare kaɗan, ciki har da sha'anin yaran da ke ƙarƙashin kulawar kotu. Wannan togaciya ce ta yi ta faɗi har ta lulluɓe kusan duk shari'ar da ta shafi yara.

Sassan doka biyu ne suke riƙe da makullin. Na farko sashe na 12 na dokar gudanar da shari'a ta 1960. Shi ne ya ce buga bayanin abin da ya gudana a zaman sirri game da yaro raina kotu ne, kuma raina kotu yana iya kai mutum gidan yari. Wannan haramci ba ya ƙarewa da ƙarewar shari'ar, ko da yaron ya girma. Na biyu sashe na 97 na dokar yara ta 1989, wanda ya hana buga duk abin da zai sa a gane cewa wane yaro ne ake shari'a a kansa, muddin shari'ar tana gudana. Na biyun yana kare sunan yaro, kuma da wuya ka samu mai adawa da shi. Na farkon ne matsalar, domin bai bambanta tsakanin sunan makarantar yaro da kuskuren ma'aikacin hukuma ba. Uwar da aka karɓe wa ɗa bisa rahoton ƙwararren da bai san aikinsa ba, in ta nuna wa ɗan jarida rahoton, ita ce mai laifi.

A Afrilu 2009 gwamnati ta ba 'yan jarida masu katin shaida izinin shiga zaman kotunan iyali. An yi ta murna, amma murnar ba ta daɗe ba, don ba a taɓa sashe na 12 ba. Ɗan jarida yana iya zama daga safe har yamma ya saurari komai, ya fito bai da ikon rubuta kusan komai sai ya nemi izinin alƙali, neman izinin kuwa yakan buƙaci lauya da kuɗi. Wane edita ne zai tura ma'aikacinsa ya yini a wurin da ba zai dawo da labari ba? Sai kujerun suka zauna babu kowa. A 2014 shugaban sashen iyali na babbar kotu, Sir James Munby, ya umarci alƙalai su riƙa wallafa hukunce-hukuncensu bayan sun cire sunaye. Adadin ya ɗan tashi, sannan ya sake faɗuwa, saboda sakaya suna a hukunci mai shafuka da yawa aiki ne mai cin lokaci, alƙalan kuma ba a rage musu ƙararraki ba.

Zama uku a kan yarinya ɗaya

An haifi Sara a Janairu 2013. Mahaifiyarta 'yar ƙasar Poland ce. Tun kafin haihuwar, ma'aikatan kula da walwalar yara na Surrey sun san gidan, kuma an sha kai ƙarar uban wurin 'yan sanda bisa zargin cin zarafin mata, ko da yake ba a gurfanar da shi ba. Kwanaki kaɗan bayan haihuwarta hukumar ta shigar da ƙara ta farko, aka ƙare da barin yaran wurin iyayensu tare da sa ido. An koma kotu a 2014 zuwa 2015, lokacin da Sara ta ɗan zauna hannun masu riƙo na hukuma, iyayen suka rabu, uwar ta zargi uban da duka, daga baya yarinyar ta zauna wurin uwarta. Sai zama na uku a 2019, bayan an zargi uwar ita ma da cutar da yarinyar, inda kotu ta mayar da riƙon ga uba da matarsa, bisa shawarar rahoton wani ma'aikacin hukumar.

Wanda bai san tsarin ba zai ɗauka zaman ukun iri ɗaya ne. Ba haka ba ne, kuma a nan ne gizo yake saƙar. Biyun farko ƙarar hukuma ce a kan iyaye. A irin wannan ƙara dole hukuma ta nuna, bisa sashe na 31 na dokar 1989, cewa yaro yana fuskantar mummunar cutarwa ko yana dab da fuskantarta. Yaron da kansa ɓangare ne a shari'ar, yana da lauyansa, yana da wakili mai zaman kansa daga hukumar Cafcass wanda aikinsa kawai duba maslahar yaron. Iyaye kuma gwamnati ce take biya musu lauya ba tare da duba aljihunsu ba. Zaman 2019 kuwa ƙara ce tsakanin uwa da uba. A irin wannan galibi yaro ba ɓangare ba ne, ba shi da lauya ko wakili sai alƙali ya ga dama ya naɗa. Tun Afrilu 2013 aka janye tallafin lauya daga yawancin waɗannan ƙararraki, sai wanda ya kawo hujjar cin zarafi, don haka iyaye da yawa su kaɗai suke tsayuwa. Abin da alƙali yake dogara da shi shi ne rahoton da ake kira na sashe na 7, wanda ma'aikaci guda yake rubutawa. In rahoton ya tsallake tarihin gidan, babu wani a ɗakin da aka ɗora wa nauyin tuna wa kotu.

Binciken da hukumomin kare yara na Surrey suka sa aka yi, wanda ya fito a Nuwamba 2025, ya nuna kusan haka ta faru. Wanda aka ba rubuta rahoton 2019 bai daɗe a aikin ba, muhimman bayanai game da halin uban ba su samu nauyin da ya kamata ba, uwar kuma ba ta samu tafintan da take buƙata don a ji ta sosai ba. Duk wanda yake zaune a Birtaniya da harshen da ba Ingilishi ba ya kamata ya riƙe wannan batu na tafinta, domin haƙƙi ne da ake nema tun kafin ranar zama, ba alfarma ba ce.

Abin da ya biyo baya sananne ne. A Maris 2023 makarantar Sara ta ga tabo a fuskarta ta sanar da hukuma, aka rufe maganar cikin kwana shida. A Afrilu uban ya cire ta daga makaranta da sunan za a koyar da ita a gida, ta ɓace daga idon malaman da su kaɗai suke ganinta kullum. Ranar 7 ga Agusta wani ma'aikaci ya je duba ta, ya je tsohon gidan da suka tashi, saboda ba a gyara adireshin a na'ura ba. Washegari ta rasu.

Odar da ta ɓoye sunayen alƙalai

Yaran nan biyar da aka tafi da su Pakistan su ne suka sa batun ya dawo sashen iyali na babbar kotu, gaban Mai Shari'a Williams. A nan 'yan jarida suka nemi a ba su takardun tsofaffin shari'o'in uku. Kan gaba akwai Louise Tickle da Hannah Summers, mata biyu masu zaman kansu da suka daɗe suna bibiyar kotunan iyali, tare da manyan kafafe irin su BBC. Alƙalin ya amince a saki takardu masu yawa, kuma a yaba masa a kan wannan, don da su ne aka san yawancin abin da aka sani yanzu. Amma a Disamba 2024 ya haɗa da sharaɗin kada a ambaci sunan ma'aikatan walwala da wakilan yara da ƙwararru, har da alƙalai ukun da suka zauna a kan shari'o'in.

Ɓoye sunan ƙaramin ma'aikaci abu ne da aka saba. Ɓoye sunan alƙali ba a saba ba. Babu wanda ya nemi hakan a gabansa, alƙalan ba su shigar da buƙata ba, ba a kawo wata hujja ta barazana gare su ba, kuma ba a ba 'yan jarida damar yin magana kafin ya yanke ba. Dalilinsa da ya rubuta daga baya shi ne tsoron kada jama'a su yi musu rubdugu a intanet har abin ya kai ga cutarwa ta zahiri, da kuma ganin cewa alƙalan sun yi aiki ne daidai da doka da tsarin lokacin. Ya kuma nuna shakkarsa a fili kan ko 'yan jarida za su kawo labarin bisa adalci.

Tsoron ba na banza ba ne. A Nuwamba 2023 wani mai ƙara ya far wa alƙali da duka a cikin kotun iyali ta Milton Keynes, kuma kowa ya san yadda zagi da barazana suke yaɗuwa a kafafen sada zumunta. Alƙalan kotun iyali suna yanke hukuncin da yake raba uwa da ɗa, ba za su rasa masu jin haushinsu ba. Sai dai maganin barazana tsaro ne, aikin hukumar gudanar da kotuna da 'yan sanda. In aka ce maganinta ɓoye suna, to kowane alƙali da ya yanke hukunci mai zafi zai cancanci a ɓoye shi, a wayi gari gwamnati tana karɓe yara ko tana miƙa su da sa hannun mutumin da ba a san ko wane ne ba.

Kotun ɗaukaka ƙara ta saurari batun a tsakiyar Janairu 2025, ta yanke hukunci ranar 24 ga watan. Alƙalai uku ne suka zauna: Sir Geoffrey Vos, shugaban ɓangaren ƙararrakin farar hula, da Mai Shari'a King, da Mai Shari'a Warby. Sun ce alƙalin bai da hurumin ba da wannan oda a halin da ake ciki. Sashe na 12 bai rufe sunan alƙali ba. Kafin kotu ta tauye 'yancin yaɗa labari da sunan kare rayuwar wani, sai an kawo hujja takamaimai, ba zato ko abin da alƙali ya tsinta daga gogewarsa ba. Sun kuma same shi da rashin adalci a kalaman da ya yi kan 'yan jaridar, suka ce sauran batun a kai gaban wani alƙali. Amma ba su yi watsi da batun tsaro ba, sun ba da kwana bakwai don hukumar kotuna ta shirya kariya. Ranar 31 ga Janairu aka bayyana sunayen: Alison Raeside, wadda ta fi kowa zama a kan shari'o'in har da na 2019, sai Peter Nathan da Sally Williams, waɗanda hannunsu a ciki kaɗan ne.

Kotun ɗaukaka ƙara ba ta ce waɗannan alƙalai sun yi kuskure ba, ba wannan aka kai gabanta ba. Bayyana suna ba hukunci ba ne. Amfaninsa shi ne yana ba da damar a bi sawu: a ga cewa alƙali ɗaya ya ga gidan a 2013 ya sake ganinsa a 2019, a tambayi me aka tuna masa, me aka manta. Ba tare da suna ba wannan tambaya ba ta ma tasowa. Akwai misali kafin wannan. Finley Boden, jariri ɗan wata 10 a Chesterfield, iyayensa sun kashe shi ranar Kirsimeti ta 2020, kwana 39 bayan an mayar musu da shi bisa umarnin kotun iyali. A 2023 Mai Shari'a Lieven ta bari a saki takardun zaman, aka ga yadda aka yi jayayya kan tsawon lokacin miƙa shi da kuma batun gwajin ƙwaya ga iyayen. Irin wannan bayani ne yake gyara aiki, kuma a cikin takarda yake, ba a cikin suna kawai ba.

Sabon tsarin da yadda yake aiki

Kwana uku bayan hukuncin kotun ɗaukaka ƙara, ranar 27 ga Janairu 2025, wani tsari da aka daɗe ana gwadawa ya zama ƙa'ida a duk kotunan iyali na Ingila da Wales. Tushensa rahoton da Sir Andrew McFarlane, magajin Munby, ya fitar a Oktoba 2021, inda ya yarda cewa tsarin da ake kai yana zubar da amincin jama'a ga kotun, ya ce a juya ƙa'idar: maimakon komai haramun sai an ba da izini, rahoto ya zama halal sai in akwai dalilin hanawa. Ya kuma nemi kowane alƙali ya wallafa kashi 10 cikin 100 na hukunce-hukuncensa. An fara gwaji a Janairu 2023 a Cardiff da Leeds da Carlisle, aka ƙara kotuna 16 a Janairu 2024, Guildford na cikinsu. Da aka mayar da shi na ƙasa baki ɗaya, an fara da ƙararrakin hukuma, sannan na tsakanin iyaye, sannan waɗanda majistare suke saurare, duk cikin 2025.

A aikace ga yadda abin yake. Ɗan jarida mai katin shaida da aka amince da shi, ko lauyan da ba shi da hannu a ƙarar kuma ya zo don rubuta rahoto, yakan sanar da kotu zai halarta, gara tun kwana ɗaya kafin zaman. Da an zauna alƙali zai duba ko ya ba da odar izinin rahoto. Abin da ake tsammani shi ne ya bayar, in zai hana ko ya taƙaita sai ya faɗi dalili, bayan ya auna haƙƙin sirrin iyali da haƙƙin yaɗa labari. Odar tana jera abin da ba za a buga ba: sunan yaro da ranar haihuwarsa, sunan iyaye da dangi, adireshi, makaranta, asibiti, masu riƙo, hoto, da bayanin dalla-dalla in zargin lalata ne. Galibi ba a ambaton ma'aikacin walwala ko wakilin yaro da sunansa sai kotu ta yarda. Tana kuma jera waɗanda za a iya ambata: hukumar gundumar, shugabannin sashen yara nata, ƙwararrun da kotu ta naɗa, lauyoyi, da alƙali. Kariyar sunan tana nan har yaron ya cika shekara 18.

Abubuwa biyu a cikin odar sun fi sauran nauyi. Ɗaya, mai rahoto yana da ikon karɓar takardun da lauyoyi suka shirya, irin su taƙaitaccen bayanin ƙara, matsayin kowane ɓangare, jerin abubuwan da suka faru bisa kwanan wata, da takardar da hukuma ta zayyana zarginta. Wanda ya taɓa zama a irin wannan kotu ya san ba a fahimtar komai in babu su, don lauyoyi da lambar shafi suke magana. Sauran takardu, kamar rahoton likita ko na ma'aikacin walwala, sai an nemi izini na musamman. Na biyu, iyaye suna iya magana da mai rahoton, a kuma ɗauko maganarsu, ba tare da sun faɗa laifin raina kotu ba. Wannan ya ba uwa ko uba halastacciyar hanyar cewa ga abin da aka yi mana.

Inda tsugune ba ta ƙare ba

Masu adawa da buɗewar suna da hujja ɗaya mai ƙarfi, kuma daga bakin yaran ta fito. Binciken da Dakta Julia Brophy ta yi tare da matasan da suka bi ta wannan tsari ya nuna yawancinsu suna tsoron a gane su ko da an cire suna. A unguwa ba sai ka faɗi sunan mutum ba, in ka ce mai shayin bakin masallaci mai 'ya'ya tagwaye kowa ya gane. Haka rahoton da ya ambaci gari, da yawan yara, da ƙasar da iyaye suka fito, da sana'ar uba. Haɗarin ya fi yawa ga iyalan baƙi a ƙananan garuruwa, inda gida ɗaya ne ko biyu daga wata ƙasa. Hukumar shari'a ta ce a tsawon gwajin ba a samu labarin an tona asirin wani yaro ba, wannan kuwa abin ƙarfafa gwiwa ne. Amma kariyar ta dogara ne ga alƙali da lauyoyi su zauna su tantance, a kowace ƙara, wane bayani ne in an haɗa shi da wani zai nuna gidan, su rubuta shi cikin odar. In aka ɗauko odar da aka saba aka sa hannu cikin gaggawa, nan ne ɓarakar za ta fito.

Matsala ta biyu ta fi wannan girma, ko da yake ba a cika maganarta ba. An buɗe ƙofa, masu shiga sun yi kaɗan. Jaridun garuruwa da a da suke da wakili a kotu yawancinsu sun rufe ko sun rage ma'aikata. Shari'ar karɓar yaro doka ta ce a gama ta cikin mako 26, sau da yawa tana wuce haka, zama yana warwatse cikin watanni, ana ɗagewa ba sanarwa. Jerin ƙararrakin da ake liƙawa lambobi ne, an ƙara wasu alamomi da ke nuna irin batun, amma har yanzu da wuya mai rahoto ya san wace ƙara ce ta cancanci yininsa. A ƙarar da ke tsakanin iyaye marasa lauya kuwa, irin ajin da zaman 2019 ya faɗa, sau da yawa babu ma takardun lauya da za a ba shi. Wato ɓangaren da ya fi ƙarancin masu sa ido a cikin ɗaki shi ne kuma ya fi wuyar bibiya daga waje. Yawancin aikin ya rataya ne a wuyan mutane ƙalilan, da ƙungiyoyi irin su Transparency Project, wadda lauyoyi da masana suka kafa, da 'yan jarida masu zaman kansu da sukan ɗauki kasadar kuɗin ɗaukaka ƙara.

Dole kuma a faɗi gaskiya cewa da wuya kasancewar ɗan jarida a Guildford a 2019 ya ceci Sara. Zama ne da a ranar bai yi kama da labari ba. Buɗe fayil bayan mutuwa ihu ne bayan hari ga yarinyar da ta tafi. Amfaninsa ga na baya ne, kuma an fara gani. Ranar 17 ga Disamba 2024, ranar da aka yanke wa masu laifin hukunci, gwamnati ta gabatar wa majalisa ƙudurin da ya ƙunshi rajistar yaran da ba sa zuwa makaranta, da sharaɗin cewa iyayen da ake binciken ko ɗansu yana fuskantar cutarwa ba za su cire shi zuwa karatun gida ba sai da yardar hukuma. Tambayar yadda tarihin ƙarar hukuma zai riƙa bin yaro zuwa ƙarar iyaye, da wa ya kamata a ba rubuta rahoton sashe na 7 a gida mai irin wannan tarihi, yanzu a fili ake yin ta, da takardu a hannu.

Sashe na 12 kuwa yana nan daram. Sabon tsarin ƙa'idar kotu ce da ta huda masa ƙofa, ba gyaran doka ba ne, kuma McFarlane da kansa ya ce majalisa ce ya kamata ta sake duba sashen. Har ta yi hakan, izinin yana aiki ne kawai a ƙarar da mai rahoto ya halarta aka kuma ba da oda. Uwar da babu ɗan jaridar da ya zo zamanta, in ta ɗora takardun shari'arta a Facebook ko ta tura su ga wanda doka ba ta lissafa ba, har gobe raina kotu ta yi. Hanyar da ta rage mata ita ce ta sanar da ɗan jarida ranar zama da lambar ƙara da sunan kotun ba tare da ta shiga bayanin abin da ke ciki ba, ko ta roƙi alƙali kai tsaye ya wallafa hukuncinsa bayan an sakaya sunaye.